Takardun Shaidar Ƙwarewa a Fannin Manhajar Kwamfuta: Nazari a Kan Darajarsu ga Mai Neman Aiki

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saba duba sanarwar neman ma'aikata da bankuna da kamfanonin sadarwa da na man fetur suke fitarwa, zai lura cewa bayan an ambaci digiri ko babbar difloma, sau da yawa akan biyo da wasu haruffa irin su CCNA ko CISSP ko RHCE. Waɗannan haruffa sunaye ne na takardun shaidar ƙwarewa a kan sarrafa kwamfuta da manhajarta, kuma ba jami'a ce take bayar da su ba. Matasa da dama sukan kashe kuɗi mai yawa da watanni na karatu domin su mallake su. Daga cikinsu akwai waɗanda takardar ta zame wa sanadin samun aiki ko ƙarin girma, akwai kuma waɗanda suka ajiye ta a akwati har wa'adinta ya ƙare ba ta tsinana musu kome ba.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abin da yake haddasa wannan bambanci. Ra'ayin da za a gina bayani a kansa shi ne, irin wannan takarda ba ta da daraja ta ƙashin kanta. Aron daraja take yi daga abubuwa uku: wuyar samunta, da tsawon ran manhajar da aka jingina ta gare ta, da kuma tilascin da doka ko kwangila suka ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata. Za a fara da ma'ana da taƙaitaccen tarihi, sannan a bi waɗannan abubuwa uku ɗaya bayan ɗaya.

2.0 Ma'ana da Ire-ire

Manhaja ita ce jerin umarnin da aka rubuta wa na'ura mai ƙwaƙwalwa domin ta gudanar da wani aiki. Takardar shaidar ƙwarewa kuwa ita ce shaidar da wani kamfani ko wata ƙungiyar masana take bai wa mutum bayan ya ci jarrabawar da aka tsara a kan wata manhaja ko wani reshe na sana'ar. Akasarin jarrabawowin ana yin su ne a cibiyoyin da kamfanoni irin su Pearson VUE da Prometric suka amince da su, ko kuwa a gida ta intanet a ƙarƙashin idon mai sa ido.

Ya kamata a bambanta ta da takardar halartar kwas. Ita ta halarta tana nuna cewa mutum ya zauna a aji ko ya bi darussa har ƙarshe, kuma wanda ya koyar shi ne yake bayar da ita. Ta ƙwarewa kuwa ba ruwanta da inda mutum ya yi karatu. Jarrabawa ɗaya ce ga ɗan Legas da ɗan Landan. Rashin sanin wannan bambanci ya sa wasu sun biya kuɗin makaranta suna zaton takardar da za a miƙa musu ita ce ta kamfanin da sunansa yake jikin allon talla.

Takardun ƙwarewa iri biyu ne. Na farko su ne na kamfanonin da suka ƙera manhajar, kamar Microsoft da Cisco da Oracle da Red Hat da Amazon. Na biyu su ne na ƙungiyoyin da ba su da hajar sayarwa, kamar CompTIA mai bayar da A+ da Security+, da ISC2 mai bayar da CISSP. Wannan rabe-rabe yana da muhimmanci, kamar yadda za a gani nan gaba.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

Tun a shekarar 1962 wata ƙungiyar masu sarrafa bayanai a Amurka ta fara shirya jarrabawar ƙwarewa da ake kira CDP. Amma abin bai zama ruwan dare ba sai wajen ƙarshen shekarun 1980, lokacin da kamfanin Novell ya fito da takardar CNE. A wancan zamani manhajarsa mai suna NetWare ita ce kan gaba wajen haɗa kwamfutocin ofis su yi aiki tare. Kamfanin ya fahimci cewa ba zai iya aika injiniyoyinsa duk inda aka sayi hajarsa ba, don haka ya ga ya fi sauƙi ya jarraba mutanen waje, ya ba su shaida, su riƙa kula da masu saye.

Wasu kamfanoni suka bi sahu. Microsoft ya fara nasa tsari a 1992. A 1993 Cisco ya fito da CCIE, a shekarar kuma CompTIA ta fito da A+. An fara bayar da CISSP a 1994, CCNA ta zo a 1998, sai RHCE ta kamfanin Red Hat a 1999. Da aka koma zamanin da kamfanoni suke hayar kwamfuta da ma'ajiyar bayanai ta intanet maimakon su sayi nasu, sai Amazon ya fara jarrabawowin AWS a 2013.

Abin lura a wannan tarihi shi ne, akasarin takardun an ƙirƙiro su ne domin biyan buƙatar mai sayar da manhaja. Yawan waɗanda suka iya hajarsa shi ne yake ƙarfafa wa masu saye gwiwa. Amfanin da ma'aikaci yake samu yana biyo baya ne, kuma yana nan muddin buƙatarsa da ta kamfanin suna tafiya hanya ɗaya.

4.0 Tushen Darajar Takardar

Masana tattalin arziki suna da ra'ayi biyu game da abin da ya sa takardun ilimi suke ƙara wa mutum albashi. Gary Becker, a littafinsa na 1964, ya ɗauki ilimi a matsayin jari: wanda ya koya ya fi iya aiki, don haka ya fi tsada. Michael Spence kuwa, a wata maƙala da ya buga a 1973, ya duba al'amarin ta fuskar mai ɗaukar ma'aikata. Wannan mutum bai san cikin mai neman aiki ba, kuma ba shi da lokacin gwada kowa. Saboda haka yakan nemi wata alama da za ta raba masa mai hazaƙa da maras ita. Alamar ba za ta yi amfani ba sai in ta kasance mai sauƙin samu ga gwani, mai wuyar samu ga wanda ba gwani ba. Wannan aiki yana cikin abin da ya sa aka ba Spence kyautar Nobel a 2001.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan tunani. Ijazar da malami yake bai wa almajirinsa nauyinta gwargwadon nauyin malamin ne da tsananinsa. Malamin da ya shahara da bayar da ijaza ga duk wanda ya gaishe shi, ba a daɗewa mutane suke daina tambayar ijazarsa. Haka abin yake a nan.

4.1 Wuyar Samu

Jarrabawowin sun kasu gida biyu ta fuskar tsari. Akwai waɗanda ake zaɓar amsa daga cikin jerin amsoshi, akwai kuma waɗanda ake zaunar da mutum gaban na'ura a ce ya yi aikin da hannunsa. Na farko sun fi araha da sauƙin shiryawa, amma suna da rauni babba: ana iya haddace tambayoyin. Tun a shekarun 1990 aka sami masu fitowa daga ɗakin jarrabawa su rubuta abin da suka tuna, a tattara, a sayar. Kamfanonin sun haramta wannan, kuma sukan soke takardar wanda aka kama, amma kasuwar ba ta mutu ba.

Takardar MCSE ta Microsoft ita ce misalin da aka fi bayarwa. A ƙarshen shekarun 1990, lokacin da harkar intanet take tashe, makarantun gaggawa sun riƙa yaye mutane cikin 'yan makonni. Aka wayi gari da ɗimbin masu riƙe da takarda waɗanda ba su taɓa gyara matsalar ofis ko ɗaya ba, har masu sana'ar suka laƙaba musu sunan injiniyoyin takarda. Da kasuwar kamfanonin intanet ta faɗi a 2000 da 2001, ayyuka suka ragu, masu ɗaukar ma'aikata suka rage dogaro da takardar. Asarar ba ta tsaya kan masu haddar tambayoyi ba, har waɗanda suka sha wuya suka koya ta shafa, domin alama ɗaya suke ɗauke da ita. Wake ɗaya, in ji Hausawa, shi ke ɓata gari.

CCIE ta bi wata hanya dabam. Bayan jarrabawar rubutu, sai mutum ya shiga ɗakin gwaji ya haɗa na'urori, ya tsara su, ya gano matsala ya warware. Da farko kwana biyu ake yi, daga 2001 aka mayar da ita yini ɗaya na awa takwas. Haka RHCE: ba a tambayar mutum ko ya san yadda ake yi, sai dai a ba shi na'ura mai ɗauke da Linux a duba abin da ya aikata. A fannin tsaron bayanai, jarrabawar OSCP tana bai wa mutum kusan awa 24 ya kutsa cikin na'urorin da aka tanada, sannan ya rubuta rahoto. Irin waɗannan takardu sun daɗe suna riƙe da martabarsu saboda hadda kaɗai ba ta isa a ci su. Gani ya kori ji.

CISSP tana tsare martabarta ne ta wata fuskar. Cin jarrabawa bai isa ba, sai mutum ya nuna ya yi shekara biyar yana aiki a fannin, kuma wani mai riƙe da takardar ko ƙungiyar kanta ta tabbatar da hakan. Wato a nan takardar shaida ce a kan aikin da aka riga aka yi.

4.2 Tsawon Ran Manhaja

Takardar kamfani tana rayuwa ne tare da hajar kamfanin. A farkon shekarun 1990 mai riƙe da CNE nemansa ake yi. Da Microsoft ya fito da Windows NT, sannan Windows 2000, ofisoshi suka riƙa barin NetWare. Shi kansa Novell wani kamfani mai suna Attachmate ya saye shi a 2011. Ilimin haɗa kwamfutoci da masu CNE suka samu bai ɓace ba, amma haruffan da ke bayan sunansu sun daina jan hankalin kowa.

Ko kamfani yana raye yana iya sauya tsari. A ranar 31 ga Janairun 2021 Microsoft ya daina bayar da MCSA da MCSD da MCSE, ya koma ga takardun da aka gina bisa matsayin aiki, mafi yawansu a kan Azure. A Fabrairun 2020 Cisco ya haɗe rassan CCNA da dama suka zama jarrabawa guda. Ba a shawarci masu riƙe da tsofaffin takardu ba, kuma ba su da inda za su ɗaukaka ƙara.

Daɗin daɗawa, yawancin takardun suna da wa'adi. Na Cisco da na AWS shekara uku suke yi. CompTIA, wadda da can takardunta na har abada ne, ta sa wa'adin shekara uku ga A+ da Network+ da Security+ tun daga 2011. Na Microsoft na matsayin aiki kuwa kowace shekara ake sabunta su ta wani gajeren gwaji na kyauta. A nan ne babban bambancinsu da digiri yake: digiri mallaka ne, ita kuwa wannan ta fi kama da haya. Wa'adin yana da hikima, domin manhaja tana sauyawa da sauri, amma nauyin sabuntawa a wuyan ma'aikaci yake.

Bisa ga haka, takardun da suka fi jure wa zamani su ne waɗanda suke koyar da tushe. Wanda ya yi karatun CCNA da gaske ya koyi yadda ake rarraba adireshin na'urori da yadda saƙo yake bin hanya daga wannan na'ura zuwa waccan, kuma wannan ilimi yana aiki ko da kayan wani kamfani aka ba shi.

4.3 Tilascin Doka da Kwangila

Akwai inda ake neman takarda ba don ana shakkar gwanintar mutum ba, sai don an wajabta ta. A 2005 Ma'aikatar Tsaron Amurka ta fitar da wata ƙa'ida mai lamba 8570, wadda ta tilasta wa masu kula da tsaron na'urorinta, har da 'yan kwangila, su mallaki takardu irin su Security+ ko CISSP gwargwadon matsayinsu. An maye gurbinta da ƙa'ida mai lamba 8140 a 2023, wadda ta faɗaɗa hanyoyin cancanta. Cikin shekarun da ta yi tana aiki, ta sa waɗannan takardu sun zama sharaɗin shiga ayyuka masu yawa a can.

Haka kuma manyan kamfanoni sukan gindaya wa dillalansu sharaɗi. A baya Cisco ya daɗe yana neman duk kamfanin da yake son matsayin dillali na zinariya ya kasance da masu CCIE huɗu. Microsoft da Amazon su ma suna ƙirga yawan ma'aikata masu takarda kafin su ɗaga darajar abokin hulɗa. Matsayin kuwa yana kawo rangwamen farashi da damar neman manyan kwangiloli. Ga irin wannan kamfani, takardar ma'aikaci kadara ce da ake sa wa cikin takardun neman kwangila, don haka yakan biya kuɗin jarrabawa, wani lokaci har da ƙarin albashi. Wannan shi ne wurin da darajar takarda ta fi fitowa fili.

5.0 Inda Take da Nauyi da Inda Ba Ta da Shi

Daga abin da ya gabata za a iya fahimtar dalilin da ya sa fannoni suka bambanta. A aikin haɗa na'urori, da kula da manyan kwamfutocin ofis, da tsaron bayanai, da ma'ajiyar intanet, takarda tana da nauyi. Dalili kuwa, mai neman aiki ba zai iya ɗauko tsarin na'urorin bankin da ya yi wa aiki ya nuna ba, kuma kuskure a wurin yana da tsada. Dole a nemi shaidar wani.

Marubutan manhaja kuwa lamarinsu dabam ne. Aikinsu abin gani ne: mutum yana iya ajiye abin da ya rubuta a GitHub kowa ya duba, kuma a wurin ganawa akan ba shi matsala ya warware nan take. Inda mai ɗauka zai iya gani da idonsa, buƙatar shaidar wani takan ragu. Shi ya sa takardun harshen Java, waɗanda Oracle ya gada da ya sayi kamfanin Sun a 2010, ba su taɓa zama sharaɗin aiki ga akasarin marubutan manhaja ba.

Matakin da mutum yake shi ma abin dubawa ne. Sabon shiga, ko wanda ya karanci wani fanni dabam yake son sauya sana'a, shi ya fi cin moriyar takarda, domin ba shi da tarihin aiki, kuma masu tace takardun nema sukan fara da duba waɗannan haruffa. Wanda ya shekara goma yana aiki kuwa, abin da ya gina da waɗanda za su shaide shi sun fi takarda magana.

Ya kamata kuma a yi hattara da rahotannin albashi da ake yaɗawa, masu nuna cewa masu riƙe da takarda kaza suna samun kuɗi kaza. Sau da yawa masu sayar da horo ko jarrabawa ne suke shirya su. Ban da haka, wanda ya riƙe CISSP ya riga ya yi aƙalla shekaru yana aiki, saboda haka albashinsa ya haɗa da ladan waɗannan shekaru. Kasancewar abubuwa biyu tare ba hujja ba ce cewa ɗaya ne ya haifi ɗayan.

6.0 Lissafin Mai Nema a Nijeriya

Da dala ake sa farashin waɗannan jarrabawowi. A 2024 kuɗin CCNA dala 300 ne, na matakin tsakiya na AWS dala 150, na CISSP dala 749, na ɗakin gwajin CCIE kuwa dala 1,600 ban da kuɗin tafiya. Kafin Babban Bankin Nijeriya ya saki farashin naira a Yunin 2023, dala ɗaya a hukumance tana kusan naira 460. A farkon 2024 ta haura naira 1,400. Ke nan jarrabawar dala 300 ta tashi daga kimanin naira 138,000 zuwa sama da naira 420,000, wato albashin wata shida ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Wanda ya faɗi kuwa sai ya sake biya. A irin wannan hali, zaɓen takardar da ba ta dace ba asara ce da takan shafi iyali gaba ɗaya, tun da galibi iyaye ko 'yan'uwa ne suke haɗa kuɗin.

Sannan a aikin gwamnati, matakin albashin da ake ɗaukar mutum a kai yana bin digiri ko difloma ne, tare da takardar hidimar ƙasa. Takardar kamfani ba ta maye gurbinsu. Akwai kuma hukumar rajistar masu sana'ar kwamfuta ta ƙasa, wadda aka kafa da doka mai lamba 49 ta 1993, kuma rajistarta abu ne dabam da takardun da ake magana a kansu. A ɗaya ɓangaren, takardun suna da wata fa'ida da ta fi ƙarfi ga ɗan Nijeriya: mai ɗaukar ma'aikata a wata ƙasa, wanda bai san jami'ar da mutum ya fito ba, ya san abin da CCNA ko RHCE take nufi. Ga mai neman aikin da ake yi daga nesa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Saboda haka, kafin mutum ya biya, ya dace ya tattara sanarwar ayyukan da yake so ya ga takardar da suke yawan ambata. Ya bincika ko jarrabawar ta aiki da hannu ce ko ta zaɓen amsa. Ya duba wa'adinta da kuɗin sabuntawa. Ya kuma tabbata yana da na'ura ko manhajar kwaikwayo da zai gwada abin da yake karantawa. In yana da wurin aiki, ya fara tambayar ko za su ɗauki nauyin kuɗin, domin amsarsu kanta tana nuna ko takardar tana da daraja a wurinsu.

7.0 Kammalawa

An ga cewa takardun shaidar ƙwarewa sun samo asali ne daga buƙatar masu sayar da manhaja, kuma darajarsu tana hawa tana sauka gwargwadon wuyar jarrabawa, da ƙarfin hajar a kasuwa, da sharuɗɗan doka da kwangila. Tarihin CNE da MCSE ya nuna yadda takarda take rasa martaba, na CCIE da RHCE da CISSP kuma ya nuna abin da yake tsare ta. Aikin takardar shi ne ta sa a kira mutum ganawa. Daga nan abin da hannunsa ya iya shi ne zai tsaya masa. Wanda ya ɗauki manhajar jarrabawa a matsayin jagorar karatu, ya zauna ya koyi aikin, ya sami riba biyu, kuma ko wa'adin takardar ya ƙare ɗaya tana nan. Wanda ya sayi tambayoyi ya haddace kuwa, ranar da na'urorin ofis suka tsaya aka waiwayo gare shi, ranar ce za a san abin da ya saya.